Saƙon Mamaci a Ofishin Citta

Aikin jirgin ƙasa na yi tun ina saurayi, har ranar da aka tara mu aka ce an rage ma'aikata. Ko sannu ba a ce mana ba. Na dawo gida da jikin da ya saba tashin asuba, ba kuma inda za shi. Wajen ƙarshen mulkin soja ne wani mai sayen citta ya ɗauke ni a ofishinsa, nan Kafanchan, bayan kasuwa. Sunan aikin masinja. Amma shara ni ne, buɗe ƙofa ni ne, karanta takarda ma ni ne, tunda na gama firamare har na leƙa sakandare kafin ubana ya gaji. Da aka kawo kwamfuta, ita ma aka ɗora mini, sunan aikin bai canza ba.

Manaja, wanda na girme shi nesa ba kusa ba, shi ya nuna mini abin da aka nuna masa a Legas. Ka kunna, ka jira, ka danna nan, sai wani ɗan akwati mai fitilu da ake kira modem ya kira Kaduna ta wayar tarho. Yana kira yana kuka, irin kukan da ban taɓa jin dabba ko inji ya yi ba, kamar ana shaƙe agwagwa a cikin garwa. In kukan ya tsaya, saƙonni su fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Imel ke nan. Don Turawa masu sayen citta aka yi shi, amma garin nan ba a ɓoye abu. Kafin a ce me, duk mai ɗa a ƙasar waje ya samu adireshinmu. Manaja yana so, don ana gaishe shi a coci. Ni ke bugawa a takarda, ni ke karantawa, ni ke shan tambaya.

Cikin masu zuwa akwai wata tsohuwa daga wani ƙauye a gindin duwatsu, a ƙafa take zuwa. Mijinta marigayi leburan layin dogo ne, mun yi zaman bariki ɗaya. Ɗansu na fari na san shi yana yawo ba wando tsakanin taragai. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, coci ta tura shi karatu wata ƙasa mai sanyi, ya gama ya zauna can yana aiki. Rabona da shi tun bai fara gemu ba. Da Hausa yake rubuto wa uwar, don ita ba ta jin Turanci, ni kuma ba na iya karanta yarensu.

A wata damina iska ta kayar da falwaya, layinmu ya mutu, ya kuma daɗe a mace. Cikin wannan zaman ne wani ɗan ƙasarmu da ke can ya bugo waya hedkwatar cocinsu, aka aiko wa fastonsu. Wai yaron ya faɗi a wurin aiki bai tashi ba. Sun binne shi can, don kawo gawa ya fi ƙarfinsu. Mai wayar ya ce ya ɗauki hoton gawar kafin a rufe, ya tura ofishin citta.

To, mutanen ƙauyen nan suna da wani abu nasu da shiga coci bai raba su da shi ba. Uwa ba ta karɓar mutuwar ɗanta daga takarda ko daga waya. Sai wanda ya ga gawar da idonsa ya tsaya gabanta ya faɗa. Sannan a haƙa kabari, in babu gawa a sa kayan mamacin, a rufe, sannan a yi kuka. Fasto da ƙanen mijinta, wani dattijon coci, sun je sun zagaya mata maganar. Ta saurare su har suka gama, ta ce, “Wa ya gani?” Ba wanda ya gani. Sai kowa ya zauna jiran hoto.

Ranar da aka gyara layi ni kaɗai ne a ofis. Na kunna, modem ya yi kukansa. Saƙon farko na wani Baturen citta ne. Na biyu ya sauko da sunan yaron.

Na tsaya ina kallon sunan. Ofishin nan ba shi da taga sai ɗaya, kullum cikin duhu-duhu yake, ga yajin busasshiyar citta da ke shigowa daga sito yana sa ido ruwa. Na buɗe. Ya ce, Mama ina lafiya. Sanyi ya yi yawa amma na sayi riga mai kauri. Kar ki ba kowa ɗakina, ki bar shi yadda yake, ina zuwa da Kirsimeti.

Ban tsorata ba a ranar. Na ce a raina ya rubuta kafin ya faɗi, saƙon ya kwana a hanya. Ana nan sai na uku ya fara saukowa. Wani ɗan layi shuɗi yana nuna tafiyarsa, yana rarrafe kamar jirgin kaya a hawan tudu. Na san hoton ne. Na yi shara, na dawo, bai kai rabi ba. Can sai na ji ƙit, fitilun modem suka mutu. Layi ya yanke.

Tsohuwar ta zo, don labarin gyaran layi ya riga ni isa ƙauyensu. Na karanta mata. Hausarta ta kasuwa ce, komai namiji ne a bakinta.

“Wasiƙan nan, yau ya zo?”

“Yau ta sauka, Mama. Amma tsohuwa ce. Tun kafin…”

“Yau ya zo,” ta ce. Ta naɗe takardar ta ƙulle a bakin zani.

Washegari na kunna. Saƙon Bature ya sauko. Na yaron ya sauko bayansa, da baƙin rubutu mai kauri irin na wanda ba a taɓa buɗewa ba, da kwanan watan ranar a gefe. Ga na jiya yana zaune a ƙasansa. Na buɗe sabon. Mama ina lafiya. Na uku ya fara rarrafe, ya je inda ya je jiya, layi ya yanke.

Haka jibi. Haka gata.

Ita kuwa ta mai da ofishinmu wurin zuwa. Kafin in buɗe ƙofa tana zaune a kan benci, ƙafafunta jajur da laka. Ba ta gaisuwa mai tsawo. Sai ta ji kukan modem ya tsaya, ta ce, “Ɗana, duba.” In duba, yana nan. In karanta. Ba ta yarda in ce mata irin na jiya ne, sai na karanta daga farko har ƙarshe, ta karɓi takarda sabuwa.

Na ce mata, “Mama, magana ɗaya ce yake ta maimaitawa. Mai rai yana haka?”

Ta ce, “Ubansa ma haka yake. Magana ɗaya tun safe.” Har ta ɗan yi dariya. “Kai ka taɓa ganin mutuwa ya rubuta wasiƙa?”

Cikin haka ne gargaɗin ya fara. Da an shiga, sai wani ɗan allo ya faɗo tsakiyar gilashin kwamfutar, da alama rawaya mai kusurwa uku, da ƙara, “ɗin”, kamar an ƙwanƙwasa kofi. Turancina ya isa in gane shi. Akwatinku ya kusa cika, ku goge saƙonni, in ba haka ba sababbi ba za su shigo ba.

Na kira Manaja. Ya karanta da ƙarfi kamar ni kurma ne.

“To, Baban reluwe, ka ji. Goge.”

Na goge. Na Bature, na yaron da suka jeru kamar buhuna, duka. Na shiga kwandon sharar da ke cikin kwamfutar na zubar da shi. Na goge waɗanda muka aika tun farkon zuwan injin. Manaja ya ce a cire wasan karta da yake yi da rana, aka cire. Akwati ya zama fari fat, ba ko layi ɗaya. Na kashe, na zare waya daga bango, na kulle ƙofa, makulli ya kwana a aljihuna.

Da safe na mayar da waya na kunna. Ɗin. Akwatinku ya kusa cika. Ina kallon farin gilashi babu komai a ciki, inji yana ce mini ya cika. Sai na Bature ya sauko, sannan sunan yaron ya sauko a hankali ya zauna a samansa.

A nan ne na tsorata, ba zan ɓoye ba. Na yi aikin dogo, na kwashe abin da jirgi ya taka da hannuna, ban ji irin wannan ba. Na waiga, tsohuwar tana bakin ƙofa tana kallona. Ta miƙo hannu kawai.

Manaja ya ce ban iya gogewa ba ne. Ya zauna da kansa, ya cire agogo, ya goge, ya zubar da shara, ya tashi yana karkaɗe hannu. Washegari saƙon ya dawo. Daga ranar ya daina shiga ɗakin in ana kiran Kaduna, yana tsayawa a sito yana ba da umarni daga nesa. Ya ce a gwada da sassafe kafin mutane su cika layi. Aka gwada. Ya ce a gwada ranar Lahadi, na bar sujada na zo. Ya ce damshi ne, na naɗe wayar da leda tun daga bango har waje. Ya kawo wani mai gyaran rediyo, ya buɗe bayan kwamfutar, ya hura, ya leƙa, ya ce shi bai ga inda ya cika ba, wuri ma da yawa. Matan da ke tsince citta a baranda suka janye tabarmarsu can gindin mangwaro. Ɗaya ta ce mini in daina zama ni kaɗai da abin.

Kullum hoton yana zuwa wuri ɗaya ya tsaya. Na kai ga sanin wurin, har nakan riƙe numfashi in shuɗin layin ya kusa. Ƙit.

Sai gargaɗin ya canza baki. Ya daina cewa ya kusa. Ya ce ya cika. A makon ne wakilin Turawa ya bugo daga Legas yana faɗa, wai duk abin da suka aiko mana yana komawa musu. Nan Manaja ya manta da tsoro. Ya buga wa kamfanin da ke ba mu imel a Kaduna, suka ce a turo mutum. Mutum kuwa ni ne.

Kafin in tafi, dattijon nan ƙanen mijinta ya same ni a tasha. Mutum ne mai sanyin magana, da Littafi a hammata ko ina za shi.

“Ɗan'uwa, in ka je za su nuna maka hoton?”

“Ban sani ba, Dattijo.”

“In suka nuna maka, ka gani ke nan. Ka san yaron. Mun yi magana da tsofaffi, sun ce ido ido ne.” Ya matso. “Matar nan ba ta barci. Tana share ɗakinsa, tana ajiye masa tuwo. Gida ya tsaya, ba mai iya kuka, ba mai iya dariya. Ka taimake mu a rufe.”

Na hau motar Kaduna ta hanyar Kachia. Hanya duk ramuka, muka tsaya Mararaban Rido direba ya sauke buhuna, muka shiga Kaduna rana ta take. Ofishin a saman bene yake, da sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Wani injiniya, yaro ƙarami mai taye, ya saurare ni yana taunar biro. Da na kai wurin saƙon da ke dawowa, na rage murya. Shi kuwa ya kwashe da dariya.

“Baba, wane akwati kuke gogewa?”

“Namu. Na cikin kwamfuta.”

“Akwatinku ba ya Kafanchan. Ga shi can.” Ya nuna wani dogon ƙarfe a lungu yana huci. “Injinku yana zuwa ya kwashi saƙo, in ya gama duka sai ya ce wa namu, na karɓa, zubar. To bai taɓa gamawa ba. Wani ya turo muku hoto ƙato, layinku ba ya iya ɗauka, yana yankewa kafin a yi sallama. Namu kuma bai ji an ce zubar ba, sai ya ajiye. Gobe ku dawo ya fara ba ku daga farko. Na bayan hoton suna ta taruwa har wuri ya ƙare. Shi ke nan fatalwar taku.”

Na ji haushin dariyarsa, amma na fi jin haushin kaina da ledar da na naɗa wa waya.

Na ce ya nuna mini hoton. Ya danna, ya juyo gilashin wajena, ya koma taunar bironsa.

Hoton ya buɗe daga sama zuwa ƙasa. Bango fari. Furanni. Sannan akwatin gawa mai sheƙi, cikinsa da farin yadi mai tattara kamar gadon amarya. Mutum yana kwance da baƙar kwat. Fuskar ta cika ta yi faɗi, an shafa mata wani abu har ta yi toka-toka, an taje gemu, an haɗe leɓe kamar da zare. Yadin ya taso ya rufe gefen kai biyu. Na matsa har hancina ya kusa taɓa gilashi. Ina neman yaron da ke gudu tsakanin taragai. Ina neman uban a goshi ko a hanci. Da na matsa sosai sai fuskar ta watse ta zama ƙananan ɗigo. Da na ja baya sai ta koma mutum, kowane mutum.

Na miƙa masa faifan kwamfuta da Manaja ya ba ni don in kwafo hoton, ya ce hoton ya fi faifan girma. Na ce ya rage shi. Ya ce ba aikinsa ba ne, kuma ana jiransa. Na ce to ya buga a takarda. Ya buga. Abin da ya fito farin yadi ne da baƙin dunƙule a tsakiya. Ya buga wa Manaja waya, na ji muryar Manaja tana fitowa, a goge, a goge yanzu. Ya danna sau ɗaya, hoton ya tafi tare da saƙon yaron da na Bature. Ƙarfen lungu bai ko canza huci ba.

Washegari tana kan benci. Na kunna. Modem ya yi kuka ya yi shiru. Babu ƙarar “ɗin”. Saƙonnin da suka taru suka zubo, na citta, na 'ya'yan mutane, suka cika gilashi. Na bi su ɗaya ɗaya har ƙasa.

“Ɗana, duba.”

“Babu, Mama. An gyara. Ba zai ƙara zuwa ba.” Na yi mata bayanin ƙarfen Kaduna iya yadda na gane. Ta saurara tana gyaɗa kai.

“Ya kama hanya ke nan,” ta ce. “Mutum a hanya ba ya rubutu.”

Ranar Asabar Dattijo ya aiko a ɗauke ni a babur. Na isa ƙauyen na tarar an taru. Benci-bencin coci a tsakar gida, matan zumuntar coci da ɗaurin zani iri ɗaya, fasto da littafin waƙa. Bayan gida, kusa da kabarin uban, samari sun riga sun haƙa rami, jar ƙasa a tule a gefe. A kan kujera an ninke wata riga da wando da takalmin makaranta. Ba wanda ya tambaye ni kafin a haƙa. Dattijo ya ɗauka maganar tasha ta zama alkawari.

Aka fito da ita aka zaunar a kan tabarma. Aka ce in tsaya gabanta.

Na ce, “Mama, na je Kaduna. An nuna mini hoto. Na ga mutum a cikin akwatin gawa.” Na miƙa mata takardar. Ta duba baƙin dunƙulen, ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ajiye a gefe.

“Kunnensa na hagu,” ta ce. “Waya ya tsaga shi yana ƙarami. Ka ga tsagan?”

“Yadi ya rufe kunnuwan.”

“To shi ne?”

Dattijo yana bayanta yana kallona, yana ɗaga gira. Fasto ya buɗe littafi ya sa yatsa a kan waƙa. Matan sun cika ƙirji da iska, kukan yana bakinsu, kalma ɗaya suke jira.

Na san yaron ya mutu. Wanda ya bugo waya ba shi da dalilin ƙarya. Amma ba wannan aka tambaye ni ba. An tambaye ni abin da idona ya gani, a gaban rami, a gaban uwa.

Na ce, “Ban sani ba, Mama. Ban gane shi ba.”

Ta ɗaga kai ta dube ni sosai, karo na farko tun da take zuwa ofis. Sannan ta dafa ƙasa ta tashi, ta je kujerar nan ta kwashe rigar da wandon da takalmin, ta shiga da su ɗakinsa. Muka ji ta ja ƙofa.

Ba wanda ya ba ni ko ruwa. Mai babur ya ce mai ya ƙare, na dawo a ƙafa. Dattijo bai ƙara amsa gaisuwata ba har ya bar duniya, kuma a garin nan har yau akwai masu cewa ni na hana a yi wa yaron jana'iza. Waɗanda suka ga gawar da gaske suna can ƙasar sanyi, ba wanda ya zage su. Wanda ya ce a goge yana nan, ya zama babba a coci.

Ramin kuwa ya zame musu abin da ba su san yadda za su yi da shi ba. A wurinsu, ramin da aka haƙa da sunan mutum ba a mayar masa da ƙasa haka nan, wai zai nemi wani a gidan. Sa kayan kuma sai da yardar uwa. Suka kawo kwanon rufi biyu suka ɗora a kai, suka danne da duwatsu.

Bayan Kirsimeti aiki ya bi da ni ta ƙauyen, na bi ta bayan gidan don kada a gan ni. Kwanon ya fara tsatsa. Ciyawa ta cinye tulin jar ƙasar. Tsohuwar tana tsugune a wurin da guntuwar tsintsiya, tana share busassun ganye daga kan kwanon, tana gyara zaman duwatsun. Ta ji tafiyata ta ɗago.

“Yara suna wasa a nan,” ta ce. “Kar wani ya faɗa.”